Amrish Puri

Amrish Puri (22 ga Yuni 1932 zuwa 12 ga Janairu 2005) ɗan wasan kwaikwayo ne ɗan ƙasar Indiya, wanda ya yi wasan dandamali, ya fito a fina-finai da talabijin. Ba ya cikin jaruman da ake shirya wa soyayya da rawa da waƙa. Yana cikin 'yan wasan da ake ɗora wa matsayin uba, lauya, basarake ko mugu, kuma a matsayin mugu ne ya yi zarra, wato abin da masu kallo a ƙasar Hausa suke kira "bos". Ana ƙiyasta fina-finansa sun haura 400. Mafi yawansu da harshen Hindi ne, amma ya yi na Telugu, Tamil, Kannada, Malayalam, Punjabi da Turanci.

Tasowarsa

An haife shi a Nawanshahr da ke yankin Punjab, lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga fim, Madan ma ya yi suna a fitowar mugu. A shekarun 1950 ya bi sawunsu zuwa Bombay (Mumbai a yanzu), aka yi masa gwajin kyamara bai ci ba. An ce fuskarsa aka ga ta yi kaushi da yawa, ba ta dace da jarumi ba. Sai ya kama aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata, inda ya shafe kusan shekara 20.

Dandamali

Da rana yana ofis, da yamma yana wajen gwajin wasa. Ya fara koyo a hannun Ebrahim Alkazi, sannan ya daɗe tare da Satyadev Dubey, inda ya yi wasannin marubuta irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar. A nan aka gina ɗan wasan da duniya ta sani daga baya. Mai wasa a dandamali dole muryarsa ta kai kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba, dole ya iya riƙe numfashi har ƙarshen dogon zance, ya kuma san inda zai yi shiru. Waɗannan abubuwa uku ne jarinsa har ya bar duniya. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, cibiyar kiɗa, rawa da wasan kwaikwayo ta ƙasar Indiya, saboda aikinsa na dandamali.

Shigarsa fim

Ya kusa shekara 40 kafin ya fara fitowa a majigi. Prem Pujari na 1970 da Reshma Aur Shera na 1971 su ne ake lissafawa a matsayin na farko, kuma rawar da ya taka a cikinsu ƙarama ce. Darakta Shyam Benegal ne ya fara ba shi aiki mai nauyi, a Nishant na 1975, inda ya fito a azzalumin mai gonaki, sai Manthan na 1976 da Bhumika na 1977. Hum Paanch na 1980 ne ya buɗe masa ƙofar fina-finan kasuwa a matsayin babban mugu. Daga nan darakta Subhash Ghai ya riƙe shi, ya sa shi a Vidhaata, Hero, Meri Jung, Ram Lakhan da Saudagar.

A waje ya fito a Gandhi na 1982, a matsayin wani Musulmi mai suna Khan, abokin gwagwarmayar Gandhi a Afirka ta Kudu. Darakta Steven Spielberg ya ba shi rawar Mola Ram a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984. Saboda wannan fim ya aske kansa ƙwal, kuma bai sake tara suma ba. Hukumomin Indiya ba su ba da izinin ɗaukar fim ɗin a ƙasarsu ba, aka koma Siri Lanka, an kuma soki yadda ya nuna addinin Hindu.

Mogambo da salon wasansa

Mr. India na 1987, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni, shi ne ya ba shi sunan da ya danne nasa na yanka, wato Mogambo, mugun fim ɗin. Mogambo yana zaune kan karaga a wani ɓoyayyen tsibiri, da farar suma mai ruwan zinariya da riga mai adon zinariya, yana ƙwanƙwasa zobbansa a hannun kujera. Kalmomi uku ne takensa, "Mogambo khush hua", ma'ana Mogambo ya yi farin ciki. Gwanintar tana cikin yadda yake maimaita su: wani lokaci a hankali kamar mai raɗa, wani lokaci da dariya, wani lokaci bayan ya sa yaransa sun faɗa cikin ruwan guba don kawai ya nuna biyayyarsu. An ce da farko Anupam Kher aka nufa da rawar.

Kayan aikinsa kaɗan ne, amma ya san hannunsu. Murya ce mai kauri, da manyan idanu da yake zarowa ya tsayar ba ƙiftawa, da tsayuwa ƙyam ba yawan motsi. Askakken kai kuma ya sauƙaƙa wa masu kwalliya, domin kowace irin sumar roba ko rawani na zama daram, shi ya sa bokan macizai na Nagina, Balwant Rai na Ghayal, lauya Chadha na Damini da Durjan Singh na Karan Arjun ba su yi kama da juna ba. Inda aka samu tangarɗa shi ne yawan aiki. A ƙarshen shekarun 1980 ya karɓi fina-finai barkatai, wasu labarinsu ba ƙashi, sai zare ido da tsawa kawai aka bar masa.

Matsayin uba

A Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya fito a Baldev Singh, ɗan Punjab mai shago a Landan, wanda ke watsa wa tantabaru tsaba yana begen gida. Shi ne mai hana 'yarsa auren saurayin da take so, amma ba mugu ba ne, uba ne da ya ɗauki alkawari. A tashar jirgin ƙasa, lokacin da ya saki hannun 'yarsa Simran ya ce ta tafi, fuskar da aka saba tsoro ita ce ta sa mutane hawaye. Ya ci kyautar fina-finan Indiya ta Filmfare a rukunin mataimakin jarumi sau uku, da Meri Jung, Ghatak da Virasat. An sha saka sunansa a rukunin mugu, amma bai taɓa cin wannan ba.

Talabijin

Ya fito a Tamas na Govind Nihalani, wasan da aka nuna a 1988 kan rikicin raba Indiya da Pakistan.

Rasuwarsa

Ya yi aure a 1957, yana da ɗa da 'ya. Ya yi fama da wata cutar ɓargo mai hana jiki samar da lafiyayyen jini, daga baya jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ya rasu a Mumbai yana da shekara 72. Fim ɗin Kisna ya fito kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, littafin tarihin rayuwarsa mai suna The Act of Life kuma ya fito a 2006.