Me ya raba kan magoya bayan Steelers a kan ɗaukar Arthur Smith? Tambayoyi da amsoshi

A farkon Fabrairun 2024, ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ta Amurka, ta ɗauki Arthur Smith a matsayin kocin da zai tsara mata kai hari. Muƙamin mataimaki ne, yana ƙarƙashin babban koci. Duk da haka cacar bakin da ta biyo baya a tsakanin magoya bayan ƙungiyar ta kai ta ranar da aka canja babban koci a wani kulob ɗin Turai. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin tamu zai yi mamakin wannan, shi ya sa na ga ya dace a warware maganar daki-daki.

Da farko, wace irin ƙwallo ake magana?

Wadda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali da hannu ake yin mafi yawanta. Ta fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ciyar da ita gaba yadi 10. Yadin nan dai shi ne wanda ake auna atamfa da shi a kasuwa. In ta cika goman, a sake ba ta wasu huɗu. In ta kai ƙwallo ƙarshen fili ta samu maki 6, in kuma ta buga ta tsakanin sanduna ta samu 3. Masu kai hari daban, masu tsaron baya daban. Idan waɗannan suka shiga fili, waɗancan sai su koma benci.

To mene ne aikin mai tsara kai hari da har ake faɗa a kansa?

A ƙwallonmu, da zarar alƙali ya busa usur, koci ya koma ɗan kallo mai ihu a gefen fili. A wannan wasan kuwa, bayan kowane taku ana tsayawa, a sake shiri, kuma akwai daƙiƙa 40 kafin a sake motsa ƙwallo. A cikin wannan ɗan taƙin ne mai tsara kai hari ke zaɓar dabarar da za a yi: a ba mai gudu ƙwallo ya kutsa, ko a jefa ta sama, wa zai bi ta dama, wa zai yanka ta tsakiya. Yana faɗa wa kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo kuma yake jagorantar harin, ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ana kuma yanke layin idan saura daƙiƙa 15. Sau sittin ko fiye yake yin haka a wasa guda.

Ke nan duk wani taku da ya ci tura akwai sunan mutum a jikinsa. Ɗan kallo da ke zaune a falonsa ya ga an ba mai gudu ƙwallo alhali ana neman yadi tara, nan take ya san wanda zai ɗora wa laifi. Ga kuma Steelers, babban kocinsu na lokacin, Mike Tomlin, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2007, ta ɓangaren tsaron baya ya taso. Saboda haka ragamar kai hari kusan gaba ɗayanta tana hannun wanda aka ɗauka wannan aiki.

Me ya faru kafin Smith da ya sa zukata suka riga suka yi zafi?

Matt Canada ne ya faru. An ɗaga shi zuwa wannan muƙami a 2021 daga cikin gida, bayan yana horar da masu jefa ƙwallo. A zamaninsa harin Steelers ya zama abin da magoya baya ke kallo suna dafe kai. Ƙungiyar ta jera wasanni 58 ba ta tara yadi 400 a wasa guda ba, kuma duk wasanni 44 da Canada ya jagoranta suna cikin wannan jerin. A kakar 2023, wasanni goma na farko babu ɗaya da abokan hamayya ba su fi su tara yadi ba, duk da cewa sun ci shida daga ciki da taimakon masu tsaron baya.

Mutane suka fara rera "a kori Canada" a filin wasa na Acrisure, har kiran ya tsallaka zuwa wajen wasan hoki na ƙungiyar Penguins, inda mutumin ba shi da hannu ko kaɗan. Ranar 19 ga Nuwamba Cleveland Browns ta doke su 13 da 10, ranar 21 aka sallame shi. Sai ka san Steelers za ka gane girman abin. Iyalan Rooney, waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1933, ba sa gaggawar korar mutum. Daga 1969 zuwa lokacin, manyan kociyoyi uku kacal suka yi: Chuck Noll, Bill Cowher da Tomlin. Rabon da su sauya koci irin wannan a tsakiyar kaka tun 1941.

Wasan da ya biyo baya kuwa, da Cincinnati Bengals, sai suka tara yadi 421. Ga magoya baya wannan ya zama hujja a fili cewa mutum ɗaya ne ya riƙe su shekara uku. Da wannan tunanin suka shiga jiran wanda zai gaje shi, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura.

Wa suke so a ɗauko?

Matashi mai sababbin dabaru, musamman daga cikin almajiran Sean McVay na Los Angeles Rams ko Kyle Shanahan na San Francisco 49ers, waɗanda salonsu ya mamaye gasar. An yi ta ambaton Zac Robinson na Rams, sai dai Atlanta ta ɗauke shi, ƙungiyar da ta kori Smith ɗin. An ambaci Klint Kubiak, shi kuma ya tafi New Orleans. Tomlin ya yi alƙawarin daga waje zai kawo mutum, ya kuma cika. Tun Todd Haley a 2012 ba a yi haka ba. Sunan da ya fito ne bai yi wa da yawa daɗi ba.

Me masu adawa suka riƙe a kan Smith?

Atlanta. Shekara uku ya yi yana babban kocin Falcons, daga 2021 zuwa 2023, kowace kaka nasara 7 rashin nasara 10, kamar an buga a injin kwafi. Wata guda bai cika ba da korarsa Pittsburgh ta ɗauke shi. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne kayan aikin da aka ba shi. A zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, Atlanta ta ɗauki Kyle Pitts na huɗu a 2021, Drake London na takwas a 2022, Bijan Robinson na takwas a 2023. Dukansu 'yan kai hari ne da kowace ƙungiya za ta so. Amma sau da yawa idan an zo dab da layin ci, sai a ga ƙwallo a hannun Tyler Allgeier ko Jonnu Smith, taurarin suna tsaye. Aka ce mutum ne mai taurin kai, wanda ya fi son nuna wayonsa a kan ya ba gwani ƙwallo. Magoya bayan Steelers suka dubi George Pickens, mai cafe ƙwallonsu da ya fi kowa hazaƙa, suka ce haka za a bar shi yana gudun banza.

Akwai kuma masu gorin cewa ɗan attajiri ne, tunda mahaifinsa Fred Smith shi ya kafa kamfanin FedEx. Wannan gorin ban ga adalci a cikinsa ba. Mutumin ya shiga Tennessee Titans a 2011 daga ƙaramin muƙami, ya yi shekara goma a can, ya yi aiki ƙarƙashin manyan kociyoyi huɗu, ukun da suka zo suka same shi kuma kowannensu ya riƙe shi. A sana'ar da sabon shugaba kan share mutanen wanda ya gada, kuɗin uba ba ya yi maka wannan.

Masu goyon bayansa fa?

Su Tennessee suka riƙe. A 2019 da 2020, lokacin da aikinsa kai hari ne kawai, mai gudun ƙungiyar, Derrick Henry, ya yi gudun yadi 1,540 sannan 2,027, kuma kaɗan ne a tarihin gasar suka taɓa haura dubu biyu. Kwatabak Ryan Tannehill, wanda Miami ta riga ta yanke ƙauna a kansa, ya farfaɗo a hannunsa har ya ci kyautar ɗan wasan da ya fi kowa dawowa da ƙarfi a 2019. A kakar nan Titans ta kai wasan da daga shi sai Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, Kansas City ta tsayar da ita 35 da 24.

Dabararsa ba ɓoyayya ba ce. A yi ta dukan abokan hamayya da gudu har masu tsaron bayansu su matso gaba, sai kwatabak ya yi kamar zai miƙa wa mai gudu ƙwallo, ya janye ta, ya jefa ta bayansu. Masu goyon baya suka ce wannan ai shi ne jinin Pittsburgh, garin ƙarfe da ya yi alfahari da masu gudu irin su Franco Harris da Jerome Bettis, ga kuma Najee Harris da Jaylen Warren a hannu. Suka ƙara da cewa babban koci da mai tsara hari sana'o'i biyu ne, mutum yana iya kasa ɗaya ya ƙware a ɗayar. Game da Atlanta kuma suka yi tambaya mai nauyi: wa ke jefa ƙwallon? A shekarar da Matt Ryan ke nan, Pitts ya cafe ƙwallo ta yadi fiye da 1,000 a kakarsa ta farko. Bayan tafiyar Ryan sai Marcus Mariota, Desmond Ridder da Taylor Heinicke, babu wanda ya riƙe wurin.

A ganinka wane ɓangare ne ya fi gaskiya a lokacin?

Na fi karkata ga masu goyon baya a kan cancantarsa, na kuma fi karkata ga masu adawa a kan abin da ɗaukarsa ke nufi. Smith ya fi Canada nesa ba kusa ba. Ya taɓa tsara harin da ya yi aiki a wannan gasar, abin da Canada bai taɓa yi ba. Sai dai ƙorafin masu adawa ya wuce Smith. Suna ganin ƙungiyar ta je kasuwa ta sayo irin rigar da take sawa tun da, wadda aka fi iya ɗinkawa kawai. Tomlin ya kasance yana son wasan da ake riƙe ƙwallo, a guji kuskure, masu tsaron baya su ƙarasa aiki a ci da tazarar maki uku. Wannan salon ya hana shi taɓa kammala kaka da rashin nasara fiye da nasara. Shi ne kuma salon da bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko guda ba tun Janairun 2017, a zamanin da sai ka bi ta kan gwanayen kwatabak irin su Patrick Mahomes ko Josh Allen kafin ka kai ga kofi. Ƙungiyar da ke da kofin Super Bowl shida, magoya bayanta ba za su gamsu da "ba mu faɗi ba" kowace shekara ba, kuma ina ganin suna da haƙƙin hakan.

Abin da ɓangarorin biyu suka yi wa riga malam masallaci shi ne wannan: an yi duk gardamar ana zaton Kenny Pickett, kwatabak ɗin da Steelers ke da shi a lokacin, shi ne zai jefa ƙwallo. Kafin ƙarshen Maris an tura Pickett Philadelphia, an kawo Russell Wilson, an karɓo Justin Fields daga Chicago. Duk lissafin da aka yi na yadda Smith zai gyara Pickett ya tashi a banza cikin mako shida.

Da aka shiga fili, me kakar 2024 ta nuna?

Ta ba kowane ɓangare abin riƙewa, shi ya sa gardamar ba ta mutu ba. Wasan farko a Atlanta aka yi shi, gidan da aka kori Smith. Steelers ta ci 18 da 10, amma duk makin daga ƙafar Chris Boswell suka fito, bugu shida tsakanin sanduna, ba a kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba. Fields ya jagoranci wasanni shida na farko saboda Wilson na jinyar sha-raɓa, aka ci huɗu. Da Wilson ya karɓa, dogayen jifa suka fara isa hannun Pickens. Ranar 1 ga Disamba suka doke Bengals 44 da 38, Wilson ya jefa ta yadi 414. Mako guda bayan nan suna da nasara 10 rashin nasara 3, masu adawa suka yi shiru.

Daga nan komai ya kwance. Philadelphia, Baltimore, Kansas City ranar Kirsimeti, sai Cincinnati: huɗu a jere suka sha kashi, babu wasan da suka wuce maki 17. Suka shiga sili-ɗaya-ƙwale, Baltimore ta fitar da su 28 da 14, kuma wanda ya yi ta tattake su da gudu a daren nan Derrick Henry ne, mutumin da sunan Smith ya tashi tare da nasa.

Laifin Smith ne wannan faɗuwar?

Yana da kasonsa. Da manyan ƙungiyoyi suka toshe gudun suka kuma tsare dogon jifa, harin bai nuna wata hanya ta uku ba, kuma nemo ta aikinsa ne. Amma Pickens ya rasa wasanni uku a Disamba saboda rauni, babu wani mai cafe ƙwallo na biyu da ake tsoro, Wilson kuma ya cika shekara 36 a Nuwamban nan. Masu tsaron bayan da aka dogara da su su ma sun saki a makonnin ƙarshe. Shugabannin ƙungiyar sun auna haka suka bar Smith a kan aikinsa zuwa kakar 2025, suka rabu da Wilson da Fields, suka tura Pickens Dallas, suka kawo Aaron Rodgers yana da shekara 41 ya jefa masa ƙwallo.