Daalder: kuɗin da ya samo sunansa daga kwari

Mece ce daalder?

Tsohon kuɗin azurfa ne na ƙasar Holan. A lissafinsu daalder ɗaya gulda ɗaya da rabi ce, gulda kuwa ita ce kuɗin ƙasar kafin yuro. Kuɗin ya daɗe da ɓacewa, amma sunan na nan a bakin mutane. Har yau suna cewa "de eerste klap is een daalder waard", wato dukan farko ya kai darajar daalder guda.

Kalmar tasu ce tun asali?

A'a, aro ce. A shekarar 1516 aka gano azurfa a wani kwari na ƙasar Bohemiya mai suna Joachimsthal, garin da yanzu ake kira Jáchymov a Jamhuriyar Cek. Wajen 1520 sarakunan yankin, gidan Schlick, suka fara buga manyan kuɗin azurfa a can, ana ce musu Joachimsthaler. Sunan ya yi wa 'yan kasuwa tsawo, suka datse shi ya koma thaler. A arewacin Jamus da Holan ya zama daler.

To ina "d" ta tsakiya ta fito?

Harshen Holanci ne ke son cusa "d" tsakanin "l" da "r". Haka ya yi wa kalmar Latin cellarium, ta zama kelder, ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa.

Tushen kalmar fa?

Thal a Jamusanci kwari ne. Holanci na cewa dal, Turanci dale, tsohon harshen Nos na arewacin Turai dalr, duk daga tsatso ɗaya na tsohon harshen Jamusawa. Holanci ne ma ya riƙe sautin asali, kudancin Jamus ya mayar da "d" zuwa "t". Shi ya sa ranar da ɗan Holan ke kira dag, Bajamushe ke cewa Tag. Wannan thal ɗin ne a ƙarshen sunan Neanderthal, wani jinsin mutanen zamanin da, da aka sa wa sunan wani kwari a Jamus.

Akwai alaƙa da dalar da muka sani?

Ƙwarai kuwa. A 1575 Holan ta buga leeuwendaalder mai hoton zaki, fatake suka yaɗa ta har New Amsterdam, wato New York ta yau. Daga daler Turanci ya samu dollar, sunan da Amurka ta tabbatar wa kuɗinta a dokar 1792. Dalar da mai kayan miya a Maraɗi ke ƙirgawa, inda dala ashirin ke nufin sefa ɗari, 'yar wannan gidan ce. Dutsen Dala na Kano dai ba ruwansa, kamannin suna ne kawai.