Kwamfutata ta hannu ce, wace Linux zan sa mata?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da masu ƙananan shaguna a Katsina suke ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma tsofaffin kwamfutocin HP da Dell da yawa ba su cika sharuɗɗanta ba, shi ya sa masu su ke tambaya a kan Linux.

Tambaya: Wai mece ce Linux?

Amsa: Babbar manhaja ce mai tuƙa kwamfuta, kamar Windows, sai dai kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Linus Torvalds ya fara ta a 1991. Daga ita aka yi Ubuntu a 2004, sannan Linux Mint a 2006.

Tambaya: To wacce zan ɗauka?

Amsa: Duba RAM ɗinka tukuna, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita. In ya kai 4GB, sa Linux Mint, ba sai ka yi dogon tunani ba. Maɓallin buɗe manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama, inda idonka ya saba. Mint iri uku ce: Cinnamon, MATE da Xfce. Cinnamon ta fi kyan gani, Xfce ta fi sauƙin nauyi, ita nake sa wa kwamfutar da fankarta ke gurnani tun kafin a buɗe komai. In RAM ɗinka 2GB ne, gwada Lubuntu, wani nau'in Ubuntu marar nauyi. Ubuntu kanta tana da kyau, amma ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi.

Tambaya: Sai na goge Windows kafin na gani?

Amsa: A'a. Sauke Mint, wajen 3GB ce, don haka jira garaɓasar datar dare. Zuba ta a filashi mai 8GB da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filashin. Za ta buɗe ba tare da ta taɓa komai naka ba. Nan ne za ka gwada Wi-Fi, sauti da kyamara. Wi-Fi ɗin ka fi sa wa ido, domin wasu tsofaffin HP masu katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom sai an ƙara musu direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Kafin ka girka ta dindindin, kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri.

Tambaya: Aikin makaranta fa?

Amsa: LibreOffice tana zuwa a ciki, tana buɗe takardun Word da Excel. Tebura kan ɗan goce wani lokaci, sai ka mayar da aikin PDF kafin ka kai bugu. Akwai ma tsarin rubutun Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna fita lafiya lau.

Tambaya: Da CorelDRAW nake cin abinci, in koma?

Amsa: Kada ka koma, malam. CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP, manhajojin zane da gyaran hoto masu aiki a Linux, amma mai katin biki da ke tsaye a kanka ba zai jira ka koya ba.