Fayawol ɗin ofishinku da dokar kare bayanai ta 2023

Tun watan Yunin 2023 da Shugaba Tinubu ya sa wa dokar kare bayanan jama'a hannu, duk mai riƙe da bayanan mutane a Najeriya, asibiti ne ko makaranta ko kamfanin da ke ajiye sunaye da lambobin kwastomomi, nauyin tsare su ya hau wuyansa. Sashe na 39 cewa ya yi a ɗauki matakan fasaha da na tsari da suka dace, kada bayanan su salwanta ko wani ya shiga cikinsu ba izini. Bai ambaci fayawol ba, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin ofis da intanet, bai ce ga fot ɗin (ƙofar shiga na'ura) da za a rufe ba, amma wallahi a aikace maganar kan ɗan akwatin nan take sauka, FortiGate ko MikroTik ko makamancinsu, wanda aka saita sau ɗaya aka rataye a bango aka manta.

Akwatin fuska biyu gare shi, ta waje da kamfanin intanet ya ba adireshi, sai ta cikin gida. Ta cikin tana da ƙa'idarta tun 1996, RFC 1918, wadda ta ware adireshi masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168 ɗin nan da kowa ya sani. Waɗannan ba sa fita intanet, daga nan wasu suke ɗauka ai shi ke nan sun ɓuya.

Ina! Fot lamba ce daga 0 zuwa 65535, kowace ƙofa ce, 443 ta shafukan intanet masu makulli, 23 ta Telnet (tsohuwar hanyar sarrafa na'ura daga nesa), 3389 ta shiga kwamfutar Windows daga nesa, 445 ta raba fayil. Oga zai ce yana so ya riƙa kallon kyamarorin ofis a wayarsa daga gida, mai saiti sai ya buɗe fot a fuskar waje ya karkata shi kai tsaye zuwa DVR, na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin, kalmar sirri kuma tana nan yadda ta zo daga kamfani, to yanzu duk duniya na iya ƙwanƙwasa wannan ƙofa, kuma akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada ƙofofi. Haka wata muguwar manhaja, Mirai, ta kame kyamarori da DVR a 2016 ta Telnet. A Mayun 2017 wata muguwar manhajar, WannaCry, ta bi ta 445 har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya. Abin na ci min rai, domin rufe waɗannan ƙofofin aikin minti biyar ne.

Ni a fahimtata, matakin da ya dace yana farawa da rufe komai, sannan a buɗe abin da aiki ke buƙata kawai, shi ma a faɗi adireshin da aka yarda ya shigo. Shafin saita akwatin kansa, irin Winbox na MikroTik a 8291, kada a bar shi yana kallon waje. Oga ya shigo ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai makulli ta cikin intanet. Kuma a kula da jeri, yawancin fayawol daga sama suke karanto umarni, na farkon da ya dace shi za su bi, in akwai layin barin kowa ya wuce a sama to na ƙasa duk sun tashi a banza.

In an yi kutse kuma yana iya cutar da masu bayanan, sashe na 40 ya ba da awa 72 daga lokacin da aka gane a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in haɗarin babba ne su ma mutanen a gaya musu. Tara ga manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar baya, duk wanda ya fi yawa, sauran kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Awa 72 ba ta isar wanda bai kunna rajistar fayawol ɗinsa mai ajiye tarihin shige da fice ba, don ko adireshin da aka shigo da shi ba zai iya nunawa ba balle ranar.