Wa Ke Cikin Gidan Sarauta, Kuma Wa Ke Da Ikon Fitar Da Shi? Tambayoyi Da Amsoshi

Duk lokacin da aka ji an tuɓe wa wani yarima laƙabinsa, ko wata gimbiya ta bar fada saboda aure, abin da mutane ke fara tambaya shi ne ko ana iya korar mutum daga gidan ubansa. Amsar ta danganta da abin da ake nufi da kora, domin a gidan sarauta akwai abubuwa uku da ke tafiya tare har a zaci abu ɗaya ne: jini, laƙabi, da matsayi a layin gadon sarauta. Kowannensu da hannun da ke riƙe da shi.

Shin duk mai jinin sarauta ɗan gidan sarauta ne a idon doka?

A'a. Da haka ne, da gidajen sarautar da suka daɗe sun cika sun batse, domin zuriya yaɗuwa take yi amma gadon sarauta ɗaya ne. A Birtaniya, Sarki George na Biyar ne ya ja iyaka a 1917, inda ya taƙaita laƙabin yarima da gimbiya ga 'ya'yan sarki, da jikokinsa ta wajen 'ya'ya maza, da kuma babban ɗan babban ɗan yarima mai jiran gado. Wannan ne ya sa 'ya'yan Gimbiya Anne, duk da cewa jikokin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ne, suka tashi ba tare da wannan laƙabi ba, alhali suna cikin layin gado.

A 'yan shekarun nan an ga sarakunan Turai suna rage yawan 'yan gida da hannunsu. A watan Oktoba na 2019 Sarkin Suwidin, Carl Gustaf, ya cire jikokinsa 5 daga jerin waɗanda ake sa ran su yi wa fada aiki. A 2022 Sarauniya Margrethe ta Denmak ta janye laƙabin yarima da gimbiya daga 'ya'ya 4 na ɗanta Joachim, abin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Uban yaran ya fito fili ya nuna ɓacin ransa, ita kuma ta nemi afuwa kan raɗaɗin da abin ya jawo amma ba ta janye hukuncin ba. A Saudiyya, inda yarimomi suka kai dubbai, ana bambanta zuriyar Sarki Abdul'aziz da sauran rassan gidan Sa'ud ta hanyar kalmar girmamawar da ake sa wa gaban suna.

Ina aka rubuta waɗannan dokoki?

Babu tsari ɗaya. Japan na da doka guda ta gidan sarauta, wadda majalisar dokoki ta zartar a 1947. Saudiyya ta sa batun gado cikin dokar tsarin mulkinta ta 1992, wadda ta ce sarauta tana cikin 'ya'yan Sarki Abdul'aziz maza da 'ya'yansu, sannan Sarki Abdullah ya kafa majalisar mubaya'a a 2006. Birtaniya kuwa a warwatse nata suke, wasu dokokin majalisa ne, wasu takardun umarnin sarki, wasu kuma al'ada ce da ba a taɓa rubutawa ba, kuma sau da yawa wadda ba a rubuta ba ta fi rubutacciyar ƙarfi.

Me ya sa aure ne ya fi jawo wa 'ya'yan sarauta matsala?

Saboda ta aure ake shigo da baƙo cikin gida, kuma ta aure ake samun wanda zai hau gado gobe. Abin da talaka ke ɗauka sha'aninsa da iyayensa, a wajen yarima sha'anin ƙasa ne.

Dokar auren 'yan sarauta ta Birtaniya ta 1772 ta samo asali ne daga fushin Sarki George na Uku, bayan ƙanensa ya auri wata bazawara da ba jinin sarauta ba ba tare da ya nemi izini ba. Dokar ta ce duk wanda ya fito daga zuriyar George na Biyu, in ya yi aure ba da yardar sarki ba, auren bai ɗauru ba. Abin mamaki, babban ɗan sarkin ne ya taka ta a 1785, lokacin da ya auri Maria Fitzherbert a ɓoye. Ita 'yar ɗariƙar Katolika ce, kuma da auren ya inganta da ya rasa gado a ƙarƙashin dokar 1701 da ta hana sarauta ga mabiya Katolika da masu aurensu. Rashin ingancin auren ne ya cece shi, ya zo ya zama George na Huɗu. Dokar ta zauna har aka maye gurbinta da ta 2013, wadda ta fara aiki a 2015. Yanzu mutum 6 na farko a layin gado ne kawai ke buƙatar izinin sarki, kuma wanda ya yi gaban kansa aurensa ya ɗauru, sai dai ya fita daga layi shi da zuriyar auren. Auren Katolika ma ya daina hana gado, ko da yake har yanzu sarkin kansa ba zai zama Katolika ba.

A Holan majalisar dokoki ce ke ba da izini. Yarima Friso ya auri Mabel Wisse Smit a 2004 ba tare da wannan izini ba, bayan gwamnati ta ƙi gabatar da buƙatar, sai ya rasa matsayinsa a layin gado, amma ya ci gaba da zama ɗan Sarauniya Beatrix kamar kullum.

Mafi tsanani ita ce Japan. Sashe na 12 na dokar 1947 ya ce gimbiyar da ta auri wanda ba ɗan sarauta ba ta fita daga gida ke nan. Ranar 26 ga Oktoba 2021, Gimbiya Mako ta fito daga gidan iyayenta a Tokyo riƙe da furanni, ta rusuna wa mahaifinta da mahaifiyarta, ƙanwarta Kako ta rungume ta, ta shiga mota. Ba a yi bikin fada ba, takarda kawai aka kai ofishin rajista, kuma ta ƙi karɓar kuɗin sallamar da ake ba gimbiyoyi masu barin gida. Daga ranar ta samu abin da ba ta taɓa samu ba, wato sunan iyali, domin 'yan gidan sarautar Japan ba su da shi. Ta zama Mako Komuro.

To mata suna gadon sarauta?

Ya danganta da ƙasa. Suwidin ce ta fara, a 1980, ba babban ɗa gado ko mace ce ko namiji, abin da ya sa Victoria ta sha gaban ƙanenta Carl Philip bayan an riga an haife shi a matsayin mai jiran gado. Birtaniya ta bi sahu ga waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba 2011. Japan ba ta yarda ba, kuma tana ɗanɗana kuɗarta: a 1947 an fitar da rassa 11 masu mutum 51 daga gidan, mata na fita ta aure, doka ta hana ɗaukar ɗan riƙo, ga shi 'yar Sarki Naruhito tilo, Aiko, ba za ta gada ba. A cikin matasan gidan, Yarima Hisahito da aka haifa a 2006 ne kaɗai namiji.

Waɗanne abubuwa ne aka hana ɗan gidan sarauta a rayuwarsa ta yau da kullum?

Biyu ne manya: siyasa, da cin riba da sunan fada. A watan Fabrairun 2019 wata jam'iyya a Tailan ta tsayar da Ubolratana, yayar sarki, takarar firaminista, bisa hujjar cewa ta ajiye laƙabinta tun 1972 da ta auri Ba'amurke. Kafin gari ya waye sarki ya fitar da sanarwa cewa hakan bai dace ba domin har yanzu 'yar gida ce, takarar ta mutu, daga baya kotu ta rushe jam'iyyar. Wato laƙabi ya tafi, amma takunkumin jini yana nan.

A Beljiyam, Yarima Laurent ya halarci wani biki a ofishin jakadancin Sin a 2017 sanye da kakin sojan ruwa, ba da izinin gwamnati ba, kuma shi da kansa ya sa hoton a Twitter. A 2018 majalisa ta yanke kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake ba shi na shekarar. Batun kasuwanci kuwa shi ne ƙashin bayan sulhun da aka yi da Yarima Harry na Birtaniya da matarsa Meghan a 2020: sun nemi su riƙa yi wa fada aiki jefi-jefi suna neman na kansu, fada ta ce ba a gudu ana susar takashi, ko ciki ko waje.

Idan ɗan sarauta ya yi abin kunya, yaya ake horonsa?

Kusan kullum ta hanyar ƙwace abin da aka ba shi, mataki-mataki. A kan fara da janye shi daga ayyukan fada, sai muƙaman soja da shugabancin ƙungiyoyin agaji, sai kuɗi da gida, laƙabi ne ke zuwa ƙarshe. Haka aka bi da Andrew, ƙanen Sarki Charles, kan alaƙarsa da Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da kotu ta samu da laifin lalata da yarinya mai ƙarancin shekaru, ko da yake shi Andrew ya sha musanta aikata wani laifi: ya janye daga aiki a Nuwamban 2019, aka karɓe muƙamansa na soja a Janairun 2022, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 aka cire masa laƙabin yarima. Shekara 6 ke nan tsakanin matakin farko da na ƙarshe, kuma a ganina wannan jan ƙafa yana nuna cewa fada ba ta cika yin horo don laifin kansa ba, sai idan laifin ya fara shafar mutuncin gadon.

A Sifaniya, Sarki Felipe na Shida ya karɓe sarautar Palma daga yayarsa Cristina a 2015 lokacin da ake shari'ar kuɗi da ta shafi mijinta, a 2020 kuma ya yanke kuɗin da ake ba mahaifinsa Juan Carlos. Inda sarki ke da iko na gaske, horon kan wuce ƙwace laƙabi. A Jodan an tsare Yarima Hamza, ƙanen sarkin ƙasar, a gidansa a Afrilun 2021, kuma a Mayun 2022 Sarki Abdullah ya sa hannu kan umarnin taƙaita zirga-zirgarsa da hulɗarsa da mutane.

Kotu na iya gurfanar da su?

Sarki mai ci galibi yana da kariya, amma danginsa ba lallai ba. A Nuwamban 2002 Gimbiya Anne ta tsaya gaban kotun majistare, aka ci ta tarar fam 500 saboda karenta ya ciji yara 2. An wanke Cristina ta Sifaniya a 2017, amma mijinta Iñaki Urdangarin ya shiga kurkuku a 2018 da hukuncin shekara 5 da wata 10. Maleshiya ta gyara tsarin mulkinta a 1993 ta kafa kotu ta musamman da za ta iya sauraron ƙarar sarakunan kansu. A Saudiyya an zartar da ƙisasi kan Yarima Turki bin Sa'ud al-Kabir a Oktoban 2016 saboda kisan kai. Denmak ce ta fita daban, domin wani sashe na dokar 1665 da har yanzu ba a soke ba ya ce 'ya'yan sarauta ba su amsa tambayar wani alƙali sai sarki ko wanda ya wakilta.

Shin sarki na iya cire mutum daga layin gado shi kaɗai?

A nan ne ikon sarakunan Turai ya tsaya. Sarkin Birtaniya na iya ba da laƙabi ya kuma karɓe, amma layin gado na majalisa ne, kuma gyara shi na buƙatar amincewar sauran ƙasashe 14 da ke da shi a matsayin sarkinsu. Shi ya sa a ranar da Andrew ya rasa laƙabinsa yana nan a matsayi na 8. Ko sarkin da ke son sauka sai da doka: Edward na Takwas ya yi murabus a Disamban 1936 don ya auri Wallis Simpson, kuma sai da majalisa ta zartar da doka kafin murabus ɗin ya tabbata, haka nan sai da Japan ta yi doka ta musamman a 2017 kafin Sarki Akihito ya sauka a Afrilun 2019. A ƙasashen Larabawa lamarin ya sha bamban, domin a Jodan sarki ne ya janye matsayin mai jiran gado daga Hamza a 2004, a Saudiyya kuma manyan yarimomi da malamai ne suka sauke Sarki Sa'ud kansa a 1964 suka naɗa Faisal.

Akwai wanda ya taɓa shiga gidan sarauta ba da son fada ba?

Akwai. Delphine Boël ta shafe shekaru 7 tana shari'a a Beljiyam don a tabbatar da cewa tsohon Sarki Albert na Biyu ne mahaifinta. Da kotu ta tilasta gwajin ƙwayar halitta, tare da barazanar tarar yuro 5,000 kan kowace ranar da ya ƙi, sai ya ba da samfuri, kuma a Janairun 2020 ya amince 'yarsa ce. A Oktoban wannan shekara kotu ta ba ta laƙabin gimbiya da sunan gidan, ita da 'ya'yanta 2, amma ba ta shiga layin gado ba, kuma ba a ware mata kuɗin fada ba.