Tasirin Gudanar Jini a Kan Tsattsafowar Ruwa Daga Siraran Jijiyoyi

Siraran jijiyoyin jini, waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), su ne wurin da jini ke miƙa ruwa da abinci ga tsokar jiki. Bangonsu shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta da ake kira endoteliyam, kuma yawan abin da ke ratsa shi yana canzawa gwargwadon ƙarfi iri biyu: matsin da jini ke yi yana tura bangon waje, da gugar da yake yi masa yayin wucewa.

Tarihin bincike

A shekarar 1896 ne masanin aikin jiki ɗan Ingila, Ernest Starling, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a ƙafar kare, inda ya nuna cewa matsin jini yana fitar da ruwa daga jijiya, furotin ɗin da ke cikin jinin kuwa, musamman albumin, yana jawo shi ya koma. Starling bai sami hanyar auna matsin jijiya guda ba. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Ba'amurke Eugene Landis, wanda a wajajen 1927 ya riƙa soka siririn bututun gilashi a jijiyoyin tantanin hanjin kwaɗo, daga baya a 1930 ya yi haka a fatar gindin farcen mutum. Ya sami matsin kimanin milimitar zaiba 32 (ma'aunin da ake auna matsin jini da shi) a bakin da jini ke shigowa, da kimanin 12 a bakin da yake fita. Da yake jawowar furotin tana kusa da 25, sai aka ɗauka cewa ruwa yana fita a farkon jijiya ya dawo a ƙarshenta, kuma wannan bayani ya zauna a littattafan likitanci shekaru da dama.

A 1951 John Pappenheimer da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa bangon yana da ƙananan kafofi masu tace abin da zai wuce bisa girmansa. A 1966 John Luft ya hango wata shimfiɗa mai kama da gashi a fuskar endoteliyam ta madubin ilektiron mai ƙara girman abubuwa ƙanana, wadda aka san ta da gilaikokaliks. An daɗe ba a ba ta muhimmanci ba, sai a ƙarshen shekarun 1990 da Charles Michel da Sheldon Weinbaum, kowanne a nasa ɓangaren, suka ce ita ce ainihin matatar furotin. Gyaran bayanin Starling da Rodney Levick da Michel suka tattara a 2010 ya nuna cewa a yawancin sassan jiki jijiyoyin ba sa shanye ruwa a kai a kai. Ɗan abin da ya tsattsafo, magudanan limf, wato wasu ƙananan hanyoyi masu kwashe ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, su ne ke mayar da shi cikin jini. Ƙoda da hanji ba sa bin wannan ƙa'ida.

Gugar jini

Ƙwayoyin endoteliyam suna jin gugar jini ta hanyoyi da yawa: ta gilaikokaliks da ke lanƙwasawa da gudu, ta furotin da ke ɗinke ƙwaya da ƙwaya irin su PECAM-1 da VE-cadherin, da kuma ta kafar Piezo1, wadda ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano a 2010. Idan gugar ta ƙaru, kalsiyam yana shiga ƙwayar, ita kuma ta saki iskar nitirik oksaid, sinadarin da binciken Robert Furchgott na 1980 ya buɗe hanyar gano shi.

Gwaje-gwajen farkon shekarun 1990, a kan ƙwayoyin jijiyar saniya da aka reno a ɗakin gwaji da kuma ƙananan jijiyoyin zuciya da aka ware, sun nuna cewa ƙaruwar guga farat ɗaya tana sa ruwa da albumin su fi ratsa bango, kuma toshe samar da nitirik oksaid yana rage hakan. Gugar da ta ɗore cikin daidaito kuwa akasin haka take yi, domin ƙwayoyin suna jeruwa su fuskanci inda jini ya nufa, mahaɗarsu ta ƙara ƙarfi. Masana ba su daidaita ba a kan yadda sakamakon ɗakin gwaji ya dace da jikin mai rai.

Alaƙa da cututtuka

Mutumin da ya daɗe a tsaye ba motsi, matsin jijiyoyin idon sawunsa yana kaiwa kusan milimitar zaiba 90, shi ya sa ƙafa ke kumbura. Ciwon zuciya yana tara ruwa a huhu ta irin wannan hanya. John West ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa matsi mai tsanani yana iya yaga bangon siraran jijiyoyin huhu, abin da ke bayyana zubar jini a huhun dawakin sukuwa. An kuma ga lalacewar gilaikokaliks a masu ciwon sukari da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kumburin yara masu kwashiyoko, cutar ƙarancin abinci mai gina jiki, wasu suna danganta shi da ƙarancin albumin, wasu kuma da lalacewar gilaikokaliks.