Gigin tsufa ba ya shiga kati sai an faɗa

A ɗakin ajiye katunan marasa lafiya nake aiki, kuma katin tsofaffinmu ne ke hana ni sakat. Za ka ga an rubuta hawan jini, an rubuta zazzaɓi, amma babu kalma ko ɗaya a kan mantuwa. Alhali 'yar da ta rako Baba ta gama ba ni labari a bakin taga: ya sallame azahar ya sake tayar da kabbara, ya fita masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa ya kasa gane hanyar gida, jiya kuma ya ce jikansa ya sace masa kuɗin da shi da kansa ya cusa ƙarƙashin katifa. Na ce, "Hajiya, kin faɗa wa likita?" Ta ce, "Ai gigin tsufa ne, Malam, wa zai kai wa likita wannan?"

Wannan gigin cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu.

A kundin hukumar mai suna ICD-10 kowace cuta da lambarta. G30 ita ce cutar Alzheimer, wadda ta fi yawa cikin ire-iren wannan gigin. F01 ita ce mantuwar da matsalar jijiyoyin jini ke jawowa, irin wadda kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. F03 kuwa sai idan ba a tantance sanadi ba. Ni ba ni da hurumin ƙirƙiro lamba, abin da likita ya rubuta shi nake bi. In ya rubuta "tsufa" kawai, shi ke nan, Baba ya ɓace daga ƙididdiga, kuma likitan da zai gan shi gaba ba zai san cewa bai kamata a danƙa masa ƙwayoyin hawan jini ya riƙa sha shi kaɗai ba.

Don Allah, 'yan uwa, wanda ke kwana da tashi da tsohon shi ya rako shi asibiti. Ku faɗi yaushe abin ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, me ya daina iya yi wa kansa, ku kuma zo da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu daban take, lambarta F05, sau da yawa zazzaɓi ko ciwon fitsari ne, kuma ta gaggawa ce. Ƙarancin sinadarin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo ma kan kawo mantuwa, kuma suna jin magani.

Abokan aiki likitoci da nas-nas, ku rubuta irin cutar, da tsananinta, da sunan mai kula da shi a gida. Layi uku ne kacal a kati.